Ciwon da Aka Ce Goggo Ƙwai Ta Ƙirƙira

Ƙanwar babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun kafin a haife ni ake kiranta Ƙwai. Mu da muka taso muka tarar sunan ya riga ya zauna daram, sai muka ɗora masa Goggo a gaba don girmamawa. Baba ne ya laƙaba mata shi tun suna yara, wai ita ko kallonta aka yi da ƙarfi sai ta fashe. Ba ta taɓa son sunan ba. In aka kira ta da shi takan ɗan jinkirta kafin ta amsa, kamar mai jiran ko za a gyara, ba a kuwa taɓa gyarawa ba.

Kakata ta sha ba ni labarin yarintarta. Tun tana rarrafe kunnenta ke zubar da mugunya. Murar da za ta kama sauran yaran gidan su yi atishawa su wuce, ita sai ta sauka mata a ƙirji ta kwantar da ita. Ta tashi daga wannan, ciki ya ɓaci. Ciki ya lafa, kunne ya dawo. Babu allurar rigakafin da Kaka ba ta goya ta ta kai ta an yi mata ba, har ma'aikatan asibitin unguwa suka san su, suna hango su daga ƙofa sai su ce ga masu gida nan sun iso. Dangin kakana kuwa suka yanke hukuncinsu tun wuri, suka ce nonon uwar ne ba shi da kyau. Kaka ta haɗiye maganar, ta zauna da ita a ciki har tsufanta.

Baba shi ne babba, jikinsa kuma kamar ƙarfe. Duk aikin da ya kamata su raba su biyu, shi kaɗai ke yi: ɗibar ruwa, aike, sharar ƙofar gida. Yana wucewa da bokiti a ka, ya leƙa ta taga ya gan ta kwance da littafi a ƙirji, sai ya yi tsaki ya wuce. Da mahaifinsu ya rasu, shi ya bar makaranta ya zama yaron mota, daga baya direban bas. Ita da kwanciya ta sa ta karance duk abin da ke da rubutu a gidan, har takardar da ke cikin kwalin magani, sai ta yi ta cin jarrabawa har ta fito malamar firamare. Baba bai taɓa yafe mata wannan ba. A wajensa, shi ya yi wahala ita ta kwanta ta ci riba.

Aji ɗaya aka ba ta, ajin ƙananan da ba su iya fyace majina ba tukuna. Tana son aikin kamar me. Waɗanda ta koyar suna nan har yau, manya da gemunansu, in sun gan ta a hanya sai sun rusuna. Amma ajin cike yake maƙil, taga ɗaya ce ke buɗuwa, kuma duk yaron da ya zo da tari, da ita zai bar shi. Babu zangon karatun da ta taɓa kaiwa ƙarshensa a tsaye.

Hedimastan makarantar mutum ne mai son a ji muryarsa. Wata rana ta dawo daga jinya, muryarta ko fita ba ta yi sosai, ya tare ta a ofishin malamai, kowa na zaune da kofin shayi a hannu.

Ya ce, “Malama, sannu da hutu.”

Ta ce, “Ba hutu na je ba, ranka ya daɗe. A asibiti nake.”

“Ke kaɗai ce mai huhu a makarantar nan? Mu duk da duwatsu muke numfashi? Ga malamin aji uku can, jiya da zazzaɓi ya yi darasi.”

“Shi zazzaɓinsa kwana biyu ne ya tafi.”

“Naki kuma sai ya ga ranar da za a fara jarrabawa.”

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai cikin kofunansu. Goggo ta ce a ranar ta ji kamar ta ɗauki kwanon sukarin da ke kan tebur ta kifa masa a ka, amma tari ya riga ta, ya turnuƙe ta har sai da ta dafa bango. Hedimasta ya jira ta gama, sannan ya ce wannan ma ta iya shi da kyau. Kafin shekara ta zagayo aka sallame ta. Ta kwashe ’yan allunan da ta zana wa yara da hannunta, masu hoton akuya da agwagwa, ta fito ta ƙofar baya don kada ajin ya gan ta.

A lokacin tana da aure. Mijinta mai gyaran firij ne, mutum mai sanyin magana, kuma da farko ya yi ƙoƙari. Shi ke dafa mata ruwan zafi, shi ke bin layin kantin magani. Sai wani likita ya duba hoton ƙirjinta ya ce tarin fuka ne, duk da cewa gwajin kakinta bai nuna haka ba. Aka ɗora ta a kan ƙwayoyi na wata da watanni, masu sa fitsari ya yi ja, abinci ya fita a rai. Aka ware mata kofinta da cokalinta, aka ɗaura wa kofin jan zare a hannu don kada wani ya yi kuskure. Ta shanye maganin tas, tarin bai ko gezau ba. Aka ce lalle ta yi wasa da shan magani, aka sake ɗora ta daga farko.

Tana ramewa, unguwa ta fara raɗa. Mace ta rame, ga tari, ga gudawa, ba sai an faɗi sunan abin da suke nufi ba. Matan layin suka daina aiko yaransu aron turmi ko ashana. Aka yi mata gwajin ƙanjamau, babu. Mijin ya ce a sake a wani asibitin. Aka sake, babu. Da ya ce a je na uku, sai ta zauna a bakin gado ta dube shi.

Ta ce, “Me kake so su ce maka?”

Ya ce, “Ina so a gaya min wani abu. Kowa in yana ciwo ciwonsa na da suna. Ke naki ba shi da suna. Uwata ta ce wanda ba shi da suna, mai shi ne ya san inda ya samo shi.”

“Kai kuma me ka ce mata?”

Ya ci gaba da murza sukudireba a hannu. Auren bai ƙara wata guda ba.

Haka ta dawo gidanmu, gidan da Baba ya zama mai shi. Aka ba ta ɗakin baya, wanda ke jikin ɗakin ajiya, bangonsa na tsattsafo da ruwa in damina ta yi nisa. Bango ɗaya ya raba ɗakinta da namu na ’yan mata, saboda haka ni ban taɓa buƙatar wani ya gaya min ko ciwon gaske ne ba. Da kunnena nake jin yadda take fama kafin ta iya miƙewa da safe. Baba kuwa in ya dawo daga tasha ya ji ta, sai ya ɗaga murya yadda za ta ji, ya ce wa mahaifiyata, “An fara kiɗan.” In baƙi suka tambaye shi jikin ƙanwarsa, sai ya ce ai ita ciwo sana’arta ce, kuma ba ta taɓa yin fashin zuwa aiki ba.

Ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Ta koyi ɗinkin labule a wajen wata maƙwabciya, ta sami rabin shago a layin masu katifa, ta sa kekenta a bakin ƙofa don ƙurar soso kada ta kashe ta. Hannunta na da kyau. Tana shiga ɗaki ta dubi taga sau ɗaya, ta san inda ninkin zai faɗo. Amma ciniki ba ya jiran mai jinya. Sau nawa amarya ta zo karɓar labulenta ta tarar da shago a rufe, ta tsaya a titi tana zazzaga masifa, maƙwabtan shago suna cewa ai haka take, sai ta ga dama.

Kaka ce kaɗai ba ta taɓa cewa ƙarya take ba, ita kuma laifin ta ɗora wa kanta. Ranar da jikin Kaka ya yi tsanani, Goggo na zaune kusa da ita da ƙyalle a baki, sai tsohuwar ta kamo hannunta ta ce, “Ki yafe min, ni na shayar da ke abin da ya lalata ki.” Goggo ta ce babu komai, Inna, ki daina faɗar haka. Ba ta da wata amsar da ta fi wannan, domin ita ma ba ta sani ba. Da wannan Kaka ta tafi.

Goggo ta haura arba’in da ’yan kai lokacin da ta faɗi a shago. Ni lokacin na yi aure, ina aiki, ina da ’yar motata. Mai katifar da ke kusa da ita ya kira ni ya ce ta kife a kan keke, numfashinta na fita da ƙyar. Na ɗauke ta na wuce asibitin unguwa ban tsaya ba, na kai ta babban asibiti. Ciwon huhu ne, irin wanda ta saba. Aka kwantar da ita, aka yi ta ɗura mata magani ta jijiya har ta dawo hayyacinta.

Likitar da ke zagayen ɗakin mace ce, ba ta fi sa’ata ba, gajeriya, mai tabarau. Ta ɗaga hoton ƙirjin ta daɗe tana kallo, sannan ta jawo kujera ta zauna, abin da ban taɓa ganin wani likita ya yi wa Goggo ba.

Ta ce, “Mama, wannan huhun ya daɗe yana shan wahala. Ina so ki ba ni labarin ciwonki tun daga farko.”

Goggo ta ce, “Farkon wanne? Na wannan satin?”

“Tun kina yarinya.”

“Ki rubuta min ƙwayar da za ki rubuta, Likita. Na san launinta. Kar ki ɓata wa kanki lokaci, a ƙarshe cewa za ki yi ba ki ga komai ba, ni kuma in koma gida a ce na ƙirƙira.”

“Wa ya ce kin ƙirƙira?”

“Ki tambayi wanda bai ce ba, ya fi sauƙin lissafawa.”

Likitar ba ta tashi ba. Sai Goggo ta fara, da faɗa-faɗa, kamar mai ba da shaida a gaban wanda ta tsana. Kunne, ƙirji, ciki, makaranta, maganin tarin fuka, gwaje-gwaje. Likitar na katse ta da tambayoyin da suka ba ni mamaki. An yi miki rigakafi kina ƙarama? Duka. Akwai wanda ya taɓa auna garkuwar jikinki, ban da gwajin ƙanjamau? Goggo ta ce ita ba ta ma san ana auna wani abu ba.

Aka ɗebi jini. Da za a sallame ta, likitar ta sa aka yi mata wata allurar rigakafi a dantse, ta ce mu dawo bayan ’yan makonni a sake ɗiban jini, tana so ta ga abin da jikin zai yi da allurar. Goggo ta yi ta mita a mota, wai an mayar da ita jaririya. Amma ta koma.

Ranar da sakamako ya fito muna zaune a ƙaramin ofishin likitar, fanka na juyawa a sama tana ƙara. Likitar ta cire tabarau ta ce, “Mama, allurar da muka yi miki, jikinki bai amsa ta ba. Kamar ba a yi ba. Ina kuma kyautata zaton duk waɗanda mahaifiyarki ta kai ki aka yi miki, haka suka wuce.”

Goggo ta ce, “Ban gane ba.”

“A cikin jini akwai ƙwayoyin da aikinsu tsaron jiki ne, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wasu su ke ƙera makamin da ya dace da kowace cuta. Amma ba sa iya ƙera mai inganci su kaɗai, sai sun haɗu da wasu irin, masu taimaka musu. Kin san kaluluwa, wadda ke fitowa a wuya ko hammata in mutum ya yi rauni?”

“Na sani.”

“A irin wuraren nan suke haɗuwa. Su manne da juna, wannan ta nuna wa waccan ɗan guntun cutar da ta kama, waccan ta ba ta izini da ƙarfin ci gaba. Bayan an warke, wasu daga cikin waɗanda suka sami wannan horon ba sa mutuwa. Wasu su yi ta zagaye a jiki suna jiran ranar da cutar za ta dawo. Wasu su shige cikin ɓargo su zauna shekara da shekaru suna zubo makamin kaɗan-kaɗan. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi, shi ya sa kuma rigakafi ke aiki.”

“To ni ba ni da su ke nan?”

“Kina da iri biyun duka, mun gan su. Waɗanda suka sami horo suka zauna ne kusan babu, makaman kuma sun yi ƙasa ƙwarai. A daidai ina maganar tasu ke katsewa, ba zan ce miki na sani ba. Amma duk cutar da ta shigo miki, jikinki na tarbarta kamar bai taɓa ganinta ba.”

Goggo ta ce, a hankali, “Wato aji cike da yara, malami na tsaye, amma gobe in an dawo babu wanda ya riƙe ko baƙi ɗaya.”

Likitar ta ce, “Kusan haka.”

“Nonon uwa na kawo shi?”

“A’a. Babu ruwan nono. Babu abin da ke ko mahaifiyarki kuka yi.”

Na dubi Goggo. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ce, “Wannan gwajin, sabo ne? Bana aka ƙirƙiro shi?”

Likitar ta mayar da tabaranta. Ta ce, “A’a, Mama. Ya daɗe.”

“Lokacin da nake koyarwa akwai shi?”

“Akwai.”

“Lokacin da aka ɗaura wa kofina jan zare?”

Likitar ba ta san zancen kofi ba, amma ta ce akwai. Ta ƙara da cewa ciwon ba shi da yawa a cikin mutane, likitoci da dama ba sa kawo shi a rai. Goggo ta ce ita ba ta tambayi uzurin kowa ba. Sannan likitar ta yi bayanin magani: akwai makaman da ake tacewa daga jinin masu lafiya da suka bayar, za a riƙa sa mata ta jijiya kamar ƙarin ruwa, duk wata, har iyakar rayuwarta. Ba zai gyara tabon huhu ba, ba zai dawo da kunnen hagun da ya riga ya mutu ba, amma zai tsare abin da ya saura.

Muka taho a mota har muka shiga layin gidan Baba. Ta ce, “Babanki na gida?” Na ce yana nan. Ta ce, “Madalla.”

Baba ya daina tuƙi a lokacin. Yana zaune a falo da rediyonsa, ƙafa a kan ƙaramin tebur. Goggo ta shiga ko mayafi ba ta sauke ba, ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

Ta ce, “Yaya, ciwona yana da suna.”

Ya ce, “To, Allah ya sawwaƙe. Kunna min abina.”

“Ba zan kunna ba sai ka ji. An auna jinina. Tun ina ciki aka halicce ni da shi. Ba lalaci ba ne, ba ƙarya ba ce, ba nonon Inna ba ne. Duk ranar da ka ce an fara kiɗa, huhuna ne ke ruɓewa.”

Baba ya sauke ƙafarsa. Ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya ce, “To ni likita ne? Su da suka yi karatun ba su gani ba, ni direba zan gani?”

“Ba wanda ya ce ka gani. Cewa za ka yi ba ka sani ba. Amma ka ce ka sani. Ka gaya wa baƙi, ka gaya wa ’ya’yanka, ka gaya wa mijina ranar da ya zo kawo ƙarata. Ina bayan ƙofa, na ji ka. Ka ce masa ya yi haƙuri, haka kuka sha fama da ni tun ina ƙarama, in na ga ba a kula ni zan miƙe.”

“Ke kin san abin da na sha? Ina ɗan yaro nake rataye a ƙofar mota cikin ruwan sama, ke kina kwance ana ba ki shayi. Wa ya taɓa tambayata ko ina so in yi karatu?”

“Da ka faɗi haka tun tuni da na ba ka haƙuri, don gaskiya ce. Amma ba ni na cire ka daga makaranta ba, mutuwa ce ta cire ka. Ni ka samu a kusa ka huce a kaina shekara da shekaru. Inna ta mutu tana roƙona gafara a kan laifin da ba ta yi ba, kana tsaye a bakin ƙofa, ba ka ce mata komai ba.”

Mahaifiyata ta fito daga kicin tana cewa a yi haƙuri, maƙwabta na ji. Goggo ta ce su ji, ai sun daɗe suna jin tarinta, yau su ji bakinta. Baba ya tashi ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa. Bai ba ta haƙuri ba, a ranar ko bayanta. A cikin satin ta sami ɗaki a saman wani kantin fenti kusa da shagonta, mai tagogi biyu da rana ke shiga, na kwashe mata kayanta a motata.

Ba ta tsaya a kan Baba ba. Ta yi ta tambaya har ta gano gidan tsohon hedimasta, ta sa ni na kai ta. Muka tarar da shi a baranda, ya tsufa, yana ɓare lemo. Ta gaya masa ko ita wace ce, da ajin da ta riƙe, da abin da ya ce mata a gaban malamai, da abin da likita ta gano. Ya saurara da murmushi, ya ce malamai da yawa sun wuce ta hannunsa, gaskiya bai tuna ta ba, amma Allah ya ƙara sauƙi. Har ya miƙo mata ɓarin lemo. Ba ta karɓa ba. Muka fito. Ta ce da ya zage ta ma da ya fi mata. Tsohon mijinta kuwa ta ce ba za ta taka ba, ta dai aika a gaya wa uwarsa sunan ciwon, a maimaita mata sau biyu don ta riƙe.

Aka fara ƙarin maganin. Ɗaki ne mai kujeru masu jingina a jere, kowa da ƙarfen rataye leda a gefensa, a zauna tun hantsi har azahar. Watannin farko ba ta ga wani bambanci ba, ta ce ko wannan ma wani zancen ne. Sai lokacin sanyi ya zo ya wuce ba ta kwanta ba. Mura ta kama ta, ta yi kwana kaɗan ta sake ta kamar ta kowa. Ta fara cin abinci da marmari, wuyanta ya cike.

Na ɗauka lafiya za ta sanyaya mata rai. Ƙara hura ta ta yi. Wata safiya na biya shagon na same ta ta hau kan tebur tana rataye samfurin labule, abin da da sai ta nemi wani ya yi mata. Ta sauko ba ta ko haki, ta tsaya tana kallona kamar na yi mata laifi.

Ta ce, “Haka kuke ji? Kullum?”

Na ce, “Kamar yaya, Goggo?”

“Ki tashi da safe babu inda ke miki ciwo. Ki hau tebur ki sauko. Haka kuke tun da, kuna da wannan a jikinku, kuka zauna kuna yi min dariya?”

Ta koma kan keke ta yi ta taka shi da ƙarfi har allura ta karye.

Wanda ke zuwa gyara mata keken wani dattijo ne, matarsa ta rasu, ’ya’yansa sun watse garuruwa. Yana da shago a ƙarshen layin, cike da kawunan kekuna da ƙamshin man inji. Ya riƙa zuwa duba keken da babu abin da ya same shi, har ranar da ya yi ƙarfin hali ya faɗi abin da ke kawo shi. Goggo ta ce masa ba ta da lokacin wasa. In da gaske yake, ya bi ta asibiti ranar ƙarin magani, ya ji komai daga bakin likita da kunnensa, don kada gobe wata ’yar’uwarsa ta zuga shi ya zo yana mata kallon tuhuma.

Ya zo, da wankakkiyar riga da ledar ayaba. Ya zauna kusa da kujerarta yana ta gyara hula. Da ma’aikaciyar jinya ta fito da allura ta fara laluben jijiya a bayan hannun Goggo, sai na ga dattijon ya yi fari, ya sulale daga kan benci ya zube ƙasa. Aka yi ta yi masa fifita da kwali, aka ɗaga ƙafafunsa a kan kujera. Goggo ta yi dariya har ledar maganin na kaɗawa, har tari ya zo ya tsayar da ita.

Da ya farfaɗo ya sha ruwa, bai gudu ba. Ya jira likitar ta zo, ya saurari bayanin duka, yana tambaya in bai gane ba. A ƙarshe ya ce shi abu ɗaya yake so ya sani: in ita ta fara zazzaɓi, wanne ne na jira zuwa safe, wanne ne na a taho da ita nan take. Likitar ta gaya masa, ya maimaita har ya haddace.

An ɗaura auren bayan damina, ba taro. Baba ne waliyyi, ya zo ya yi abin da ya kawo shi ya tafi, suka gaisa da ita kamar mutanen da suka haɗu a layin banki. Har yanzu haka suke. Ta koma gidan mijin da kekenta, ta sa shi ya fasa bango ya ƙara taga a ɗakin kwana. Duk wata shi ke raka ta asibiti a bayan babur ɗinsa, ya kai ta har bakin ɗakin ƙarin magani, ya tsaya a waje ya juya wa ƙofar baya sai an gama sa allurar, sannan ya shigo ya zauna.